Aksul yana kuka, Baba ya ce kada a taɓa mansa

Assalamu alaikum. Ni direba ne a Gumel. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar mana tsohuwar Hilux a-kori-kura ƙirar 1998, mai ja da ƙafafun baya kawai. Da ita nake ɗauko gero da riɗi daga Gujungu da Maigatari zuwa Dawanau, da ita kuma nake riƙe mahaifiyata da ƙannena. A daminar da ta wuce na sha ratsa ruwa da ita, wani lokaci har ya kusa shanye taya. Tun daga nan take wani kuka ta baya idan na taka totur, ya fi fitowa in gudu ya kai 60 zuwa 80. Tayar baya ta dama ma tana jiƙewa da mai ta ciki. Bakaniken da ke duba ta aminin mahaifinmu ne, Baba muke ce masa. Ya ce man aksul ba a canza shi, wanda ya canza ya tono wa kansa aiki, in ya ragu sai a ƙara baƙin mai. Ina tsoron ta tsaya mini a daji da kayan mutane, ina kuma jin nauyin in kai ta wani gareji labari ya koma wa Baba. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa, kai kuma ya yi maka jagora a nauyin da ka ɗauka.

Kafin mu zo kan kuka da kan Baba, abin da ka ambata a gurguje shi ya fi tayar mini da hankali, wato tayar nan da ke jiƙewa. Man da ke fitowa ta bayan taya ɗayan biyu ne: ko man aksul da ya biyo ta oyilsil, wato robar da ke tare mai a ƙarshen shaf ɗin da ke juya taya, ko man birki da ke yoyo. Ka dangwala da yatsa ka sansana. Man aksul yana da kauri da wari mai hawa kai, man birki kuwa tsinkakke ne, ba shi da wannan warin. Ko wanne ne dai, galibi ta cikin durom ɗin birki yake ratsowa kafin ka gan shi a waje. Birkin da ya sha mai wani lokaci ya ƙi kamawa, wani lokaci ya cafke farat ɗaya ya fizge motar gefe. Da buhunan gero a bayanka, ga awaki da 'yan acaɓa a hanyar Kano, wannan ba abin da za a bari sai an samu sarari ba ne. A cire durom ɗin a duba. Idan birkin ya jiƙe, a canza shi gefe biyu, kada a wanke da fetur a mayar, domin man da ya shige cikinsa zai sake tsatsowa da zarar ya yi zafi.

Maganar Baba kuwa kashi biyu ce, kuma ba daidai suke da nauyi ba.

Da ya ce ba a canza man aksul, maganar tana da tushe. Man aksul ba ya haɗuwa da wuta da hayaƙi kamar na inji, don haka yana daɗewa ƙwarai. Kuma babu shakka Baba ya taɓa ganin tsohon aksul da yake shiru, aka canza masa mai, sai ya fara kuka. Duk wanda ya daɗe a gareji ya ga irin haka. Sai dai ba sabon man ne ya kawo ciwon ba. Haƙoran sun riga sun cinye, tsohon man da ya zama kwaɓaɓɓen laka ne yake danne sautin, ko kuma an zuba man da bai dace ba. Shirun da laka ke kawowa ba lafiya ba ce, ƙarfe yana nan yana ci gaba da cin ɗan'uwansa.

Batun ƙara baƙin mai kuwa, nan Baba ya kauce, ba zan ɓoye maka ba. Ina kyautata zaton daga zamanin Fijo ya ɗauko al'adar. Kanikawan da suka koyi aiki a kan 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, sun saba zuba man inji a giyabos ɗinta, domin haka masu ƙera ta suka ce a yi. Amma ko a 504 ɗin, aksul nasa man daban ne. Dalili yana cikin ƙirar abin. A cikin tulun nan da ke tsakiyar aksul akwai babban faifai mai haƙora, kirawun, da ƙaramin giya mai juya shi, finiyon, wanda farfela, dogon ƙarfen nan da ya taso daga giyabos, ke murɗawa. Finiyon bai shigo daidai tsakiyar kirawun ba, ta ƙasa kaɗan ya shigo. Saboda haka haƙoransu ba turin juna kawai suke yi ba, suna goga da juna a kowane juyi, kuma duk ƙarfin inji da nauyin lodi a kan 'yan haƙoran da suka haɗu a wannan lokacin suke sauka. Matsin ya isa ya matse mai ya fitar da shi daga tsakaninsu. Shi ya sa ake zuba wa man aksul sinadaran farar wuta da fosfarus, waɗanda idan wurin ya yi zafi suke kama jikin ƙarfen su yi masa wani siririn rufi, gugar ta cinye rufin ta bar ƙarfe. Warin da kake ji a man aksul na farar wutar nan ne. Baƙin mai ba a yi shi don wannan aikin ba. Duk ranar da aka ƙara shi, an tsinka man kirkin da ya rage. Sinadaran kuma ƙarewa suke yi da aiki, wanda shi kaɗai ya isa ya rushe zancen cewa ba a canzawa har abada.

Ga kuma ruwa, wanda nake zargin shi ya haɗa maka matsalolin biyu. A saman aksul akwai wani ɗan ƙaramin noti mai hula, birida, ta nan aksul ke numfashi. Ka taho daga nesa aksul ya ɗau zafi, sai ka faɗa ruwa mai sanyi. Iskar da ke ciki ta tsuke nan take, aksul ya zuƙo abin da ke waje ta birida ko ta oyilsil, abin da ke waje kuwa ruwa ne da taɓo. Ruwan ya cakuɗa da mai, mota ta kwana biyu a ajiye, tsatsa ta fara ƙwaƙule boris, wato zoben ƙarfe mai 'ya'ya da shaf ke juyawa a cikinsa. Bayan haka taɓon da ya shafe birida ya bushe ya toshe ta. Yanzu in aksul ya yi zafi iska ba ta da mafita, sai ta tura mai ta inda ya fi rauni, wato tsohon oyilsil na bayan taya. Mutane da yawa sun canza oyilsil sau biyu sau uku yana sake yoyo, alhali birida ce ba a taɓa ba. A kwance ta, a wanke da kananzir, a tabbatar hularta tana motsi kuma iska na wucewa. Aikin minti biyar ne.

To ga yadda za a yi canjin man. Ka sayi man giya wanda aka rubuta GL-5 a jikin robarsa, mai kaurin 80W-90 ko 90. Da zafin ƙasarmu da irin lodinka, 85W-140 ma ya yi. Ka lura da rubutun da kyau, domin GL-4 ma man giya ne, amma an fi yin sa don giyabos, ƙarfinsa bai kai na aksul irin naka ba. Ka sayi wanda bakinsa ke liƙe, a shagon da ka yarda da shi. Man da ake aunawa da gwangwani daga durom a bakin titi, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Aksul ɗin Hilux na wancan zamani yana shan wajen lita 2, ka riƙe lita 3 don ka samu ragowar ƙari. Ka nemi sababbin wosha guda biyu na notunan. Akwai kuma ɗan gwaji kafin ka biya kuɗin mai: a ɗaga ƙafafun baya duka biyu, mota tana firi, ka juya taya ɗaya da hannu. Idan ɗayar ta juya baya, aksul ɗinka na yau da kullum ne. Idan ta bi ta suka juya tare, mai kuloci ne a ciki, wanda ake liƙa wa takarda mai rubutun LSD, shi kuma sai man da aka rubuta hakan a jikinsa, in ba haka ba zai riƙa karkarwa a kwana.

Ka ɗan zaga da motar minti goma sha biyar don man ya yi ɗumi ya saki jiki, sannan ka tsayar da ita a wuri mai daidai, babu gangara. In akwai rami, ya fi. In babu, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Notuna biyu ne a jikin tulun, na sama na zuba mai, na ƙasa na zubarwa. Na sama ake fara kwancewa, kullum. Wanda ya fara da na ƙasa, ya tsiyaye mai tas, sannan ya tarar na sama ya ƙi motsi, ya ajiye motarsa ke nan. A yawancin waɗannan Toyota ɗin soket mai lamba 24 ke kama su. A goge taɓon da ke kewaye, a sa soket ɗin ya zauna sosai, domin kan notin gajere ne, saurin lalacewa gare shi in yaran gareji suka far masa da guduma. Da ya fita, ka zura ɗan yatsanka a ramin ka lanƙwasa ƙasa. Ya kamata ka taɓo mai a bakin ramin. Idan ka lalubo ba ka taɓo komai ba, aksul ɗinka da ƙishirwa yake aiki. Idan kuwa kana cire notin abu ya bulbulo waje, to an samu ƙari daga wani wuri, mai yiwuwa ruwa ne.

Sai ka tara roba mai tsabta, fara in da hali, a kwance na ƙasa. Ka tsaya da kanka ka kalli abin da zai fara fitowa, domin ruwa ya fi mai nauyi, in ya kwanta shi ke riga fita. Mai lafiyayye ko ya tsufa yana da duhu amma yana sheƙi, yana zuba a miƙe. Wanda ruwa ya shiga yakan yi fari-fari ko ruwan ƙasa, da kumfa. Wanda ya ƙone baƙi ne wuluk, ga ƙauri a kan warinsa na asali. Ka kai robar rana ka karkata ta, ka duba ko akwai ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki.

Babban mai ba da shaida shi ne notin ƙasan kansa. A bakinsa akwai maganaɗisu, duk abin da ya goge daga ƙarfe a nan yake taruwa. Ka kwaso abin da ke jiki ka murza tsakanin yatsu biyu. Idan laushi ka ji, baƙi-baƙi kamar kwalli, wannan cin yau da kullum ne, kowane tsohon aksul yana da shi, kada ya dame ka. Idan ka ji yana sukar yatsa, ko ka ga siraran ɓawo masu sheƙi, boris ne ya fara ɓarewa. Idan kuwa ka tsinci gutsure mai kusurwa wanda za ka iya ɗagawa da farce, haƙori ne ya karye. Kada ka yar da shi, ka ajiye a kan farin tsumma.

A bar man ya tsiyaye sosai, a goge notin, a sa sabuwar wosha a ɗaure daidai, ba da dogon bututu ba. A ɗura sabon mai ta sama da famfo ko da tiyo har sai ya fara dawowa ta bakin ramin, a jira ya daina zuba, a rufe. Cika shi fiye da haka ba gata ba ne, kumfa zai yi ya nemi hanyar fita. Idan an samu ruwa a ciki, wannan man na farko na wanki ne: ka yi tafiya biyu ko uku da shi, ka sake zubarwa ka sa wani. Kada ka yarda a cika tulun da kananzir ko man gas a zaga da motar wai don a wanke. Tsohon man kuma kada a kwarara shi a kwata ko kusa da rijiya.

Kada ka sa rai sabon mai zai kashe kukan. Yana iya rage shi, yana iya barinsa yadda yake. Haƙorin da ya cinye ba ya tsirowa. Abin da man zai yi shi ne ya tsayar da ɓarnar inda ta kai, kuma aksul mai ɗan kuka da man kirki a cikinsa yana iya yin shekaru yana aiki.

Shi kukan ma yana da harshe, in ka san yadda ake saurarensa. Ka samu miƙaƙƙiyar kwalta, babu lodi, ka kashe rediyo. Ka kai gudun da yake fitowa, sannan ka ɗaga ƙafa daga totur. Idan ya ɗauke da ka ɗaga, ya dawo da ka taka, kamar yadda bayaninka ya nuna, galibi haƙoran kirawun da finiyon ne suka cinye ko zamansu ya goce. Idan a ɗaga ƙafar ne yake fitowa, an fi zargin boris ɗin finiyon ya saki. Gurnanin da ba ruwansa da totur, sai dai ya ƙaru da gudu, kuma ya canza murya in ka ɗan karkata sitiyari dama ko hagu, wannan boris ɗin ƙafa ne. A motarka zan duba na dama da kyau, domin boris ɗin da ya yi wasa yana kaɗa shaf, shaf kuma ya cinye oyilsil. Ƙarar "ƙwas" lokacin tashi ko shiga ribas, a fara duba kuros ɗin farfela kafin a ɗora wa aksul laifi, ya fi arha nesa ba kusa ba. Bugawa a kwana kaɗai kuma daga ƙananan giyoyin tsakiya take, waɗanda ke ba tayar waje damar ta fi ta ciki gudu. Tayar da ta cinye a karkace ma tana gurnani, kada a manta da ita. A ƙarshe, mota a tsaye, ka kama inda farfela ta haɗu da aksul ka girgiza sama da ƙasa. Bai kamata ya motsa ko kaɗan ba.

Idan ta kai ga buɗewa, ka sani haɗa aksul sana'a ce mai zaman kanta. Kirawun da finiyon tare ake canza su, ba a aurar da na wannan da na wancan. Wasan da ake bari tsakanin haƙoransu a irin wannan aksul bai wuce milimita 0.13 zuwa 0.18 ba, abin da ido ba ya aunawa, sai da agogon awo, a kuma shafa fenti a haƙoran a juya a ga inda suke taɓa juna. Babban notin finiyon ma da awo ake ɗaure shi. Wanda ya zo canza oyilsil na gaba ya taka shi iya ƙarfinsa ya kashe boris cikin 'yan makonni. Shi ya sa sau da yawa ya fi sauƙi a sayi kan aksul ɗin gaba ɗaya na Beljiyam, tunda a Hilux ana zare shi ne dunƙule ta gaba. In za ka Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota ta Kano, ka tafi da tsohon naka, ka ƙirga haƙora a gaban mai shago. Akwai mai haƙora 41 a kirawun da 10 a finiyon, akwai mai 43 da 10, akwai mai 41 da 9, kuma daga waje duk kamarsu ɗaya. Ka ɗauki wanda ba naka ba, ko dai motar ta rasa ƙarfin jan lodi, ko inji ya riƙa ihu tana shan mai a banza. Ka juya shi da hannu ka ji ko yana tafiya sumul, ka duba fuskar haƙoran da tocila, ka ƙi wanda aka cusa wa giris, ka kuma yi sharaɗin dawowa da shi in ya yi kuka.

Lodi kuma, na san ba za ka ji ba, amma zan faɗa. An ƙera motar nan don kayan da bai fi tan ɗaya ba, wato buhu goma na kilo 100. Babu direban Dawanau da ke tsayawa a nan, kuma ƙarin sifirin da ake yi yana hana ta durƙusawa ne kawai, bai ƙara wa boris da haƙora komai ba. Tunda haka ne, ka biya aksul haƙƙinsa ta wajen mai. A mota mai aikin wahala, kilomita 40,000 ya isa a canza. In mitarka ta mutu, ka mayar da shi al'ada duk shekara da kaka, bayan ɗaukewar ruwa, kafin lodin amfanin gona ya kankama. Duk ranar da ruwa ya kai tsakiyar taya, a buɗe notin sama a leƙa a makon. Tayoyin baya kuma su zama girma ɗaya, domin in ɗaya ta fi ɗaya, ƙananan giyoyin nan ba sa hutawa ko a miƙaƙƙiyar hanya.

Saura Baba. Ni ban ga dalilin da zai sa ka tsallake shi ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ka je ka ce masa ya yi kuskure shekara ashirin ba. Mutumin da ya riƙe motar nan tun mahaifinka na raye har ta kawo yau ya san wani abu. Ka sayi manka ka riƙe, ka je da sassafe kafin gareji ya cika, ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba. Ka ce, "Baba, na shiga ruwa da motar nan sosai a damina, hankalina bai kwanta ba, ina so ka duba mini ko ruwa ya shiga aksul." Babu bakaniken da zai ce a bar ruwa a cikin aksul, kuma ba ka taɓa maganarsa ta da ba. Shi da kansa zai sa a kwance, robar tana gabansa, notin yana hannunsa. Gani ya kori ji. Abin da ya fito, ka bar shi ya faɗa da bakinsa, kada ka ce ai dama ka sani, musamman a gaban yaransa.

Idan aikin ya zama na haɗa kirawun da finiyon, ka tambaye shi wa ya sani mai haɗa aksul. Kanikawa sun saba tura wa juna aiki, mai inji daban, mai giya daban, kuma wanda Baba ya aika ka wurinsa zai ji kunyar cutarka. In kuwa ya kafe ya ce ba za a taɓa ba, to canjin mai ba sirri ba ne, ka yi shi a wani ramin, ka ci gaba da kai masa sauran aikin da gaisuwar Juma'a. Ka kuma sanar da mahaifiyarka halin da ake ciki tun yanzu, a fara ware wani abu daga kuɗin kowace tafiya, don kada sayen kan aksul ya zo muku a ranar da babu.

Kafin a yi duk wannan, ka rage lodi, ka rage gudu. In ka tsaya a hanya, ka kai bayan hannunka kusa da tulun aksul ɗin a hankali. Ɗumi ko zafi daidai misali ba komai. Amma idan hucinsa ya hana ka kusanta, ko ka ji ƙauri, ko kukan ya koma niƙa, ka sauke kayan a wata motar, ka jawo taka. Aksul ɗin da ya cije a kan gudu yana kulle ƙafafun baya ne duka biyu.